Tarihin Ƙanjamau a Kasuwar Sabon Gari ta Kano

  Jawabinmu na yau tarihi ne. Zan ba ku labarin yadda cutar nan da ake kira ƙanjamau ta shigo Kano, da yadda aka yi ta fama da ita a kewayen Kasuwar Sabon Gari, da dabarar da ta yi amfani, da wadda ba ta yi ba.

Watakila wani da ke zaune kan benci a ɗakin shan magani na ƙauyensu ya ce, "To, ni ina ruwana da Sabon Gari?" Da ruwanka, malam. In an gama girbi, samari nawa ne ke ɗaure kayansu su tafi ci-rani Kano? Wasu dako, wasu tura baro, wasu ga-ruwa, wasu yankan farce, wasu gadi. Da yawansu a Fagge da Sabon Gari suke samun abin yi. Maganin da mai kemis na garinku yake sayarwa kuwa, shekara da shekaru daga can aka riƙa saro shi. In damina ta faɗi, 'yan ci-rani su komo gida da abin da suka samo, na alheri da wanda ba na alheri ba. Saboda haka labarin Sabon Gari labarinku ne.

Asalin Wurin

Tun kafin zuwan Turawa, Fagge zango ne a bayan ganuwa, inda fatake da Buzaye masu raƙuma suke sauka. Turawa suka ci Kano a 1903. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka yi ta ɓulɓulowa. A 1913 aka yanka musu unguwa tasu a gabas da Fagge, watau Sabon Gari. Akwai ma'aikatan reluwe, da akawuna, da tsofaffin soja, da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da ƙasar da yanzu ake kira Gana. Kasuwa ta kafu, ta yi ta girma har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Arewa. Yanzu sunanta a hukumance Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, amma har gobe Kasuwar Sabon Gari mutane suke cewa.

To, duk inda maza suka taru da kuɗi a aljihu, iyalinsu kuma suna nesa, za ka tarar da otal-otal, da gidajen giya, da gidajen mata masu zaman kansu. Haka abin yake a kowace tashar jirgi a duniya. Wannan ba halin wata kabila ɗaya ba ne, gama masu zuwa wuraren nan daga ko'ina suke, har da cikin birni, har da ƙauye. Tun zamanin nan tunjere da ciwon sanyi suna wahal da mutane, suna hana mata haihuwa, suna makantar da jarirai.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, sai allurar penisilin ta iso asibitocinmu. Ciwon da mutum ya yi shekaru yana jinya, a 'yan kwanaki sai ya warke. Daga nan mutane suka ɗauki son allura, har wani in ya zo asibiti aka ba shi ƙwaya ba a yi masa allura ba, gani yake an cuce shi. Masu allura na bayan fage suka bazu cikin kasuwanni da ƙauyuka, sirinji ɗaya, mutum goma, ba tafasawa.

Ku riƙe abubuwan nan biyu: namiji da ke nesa da gida, da allurar da ta shiga jikin mutum fiye da ɗaya. Ƙofofi ne da aka bari a buɗe tun kafin sabuwar cuta ta zo.

Inda Cutar ta Fito

Masana sun bi sawun ƙwayar cutar har dazuzzukan kudu maso gabashin Kamaru. Asalinta ƙwayar cutar wani babban biri ce da ake kira cimfanzi, ta shiga jikin mutane ta wurin jini, wajen farauta da fiɗa. Daga nan ta bi kogi ta isa Kinshasa ta ƙasar Kwango wajen 1920. Kinshasa kuwa a lokacin nan gari ne irin Sabon Gari: ga jirgin ƙasa, ga jirgin ruwa, ga lebura da yawa ba matansu, ga allurar asibiti da ake maimaitawa. Jini mafi daɗewa da aka gwada aka sami ƙwayar a ciki, a Kinshasa aka ɗebe shi a 1959.

Ta yi shekaru tana yaɗuwa ba wanda ya sani, domin mutum yakan yi shekara takwas ko goma da ita yana ƙalau. Sai a watan Yuni na 1981 likitoci a Amurka suka ba da labarin samari biyar a birnin Los Anjalas masu wani ciwon huhu da ba ya kama mai ƙarfin jiki. A 1983 masana a birnin Faris na Faransa suka gano ƙwayar. A 1985 aka sami hanyar gwada jini. A 1986 aka raɗa mata suna HIV, kuma a shekarar nan Nijeriya ta ba da sanarwar mutanenta na fari da aka samu da ita, a Legas.

Bari in bambanta muku abu biyu. HIV ita ce ƙwayar. Aikinta cinye garkuwar jiki, watau sojojin da ke cikin jini masu tsare mu daga cututtuka. In ta ci ƙarfinsu, sai tarin fuka, da zawo mai daɗewa, da ƙuraje, da rama su taso wa mutum. Wannan matakin ne aka kira ƙanjamau, saboda yadda mutum yake ƙanjamewa. Yanzu da akwai magani, mai ƙwayar ba lalle ne ya kai nan ba, shi ya sa ma'aikatan lafiya suka fi son a ce cuta mai karya garkuwar jiki.

Shekarun Musu da Tsoro

Da labari ya iso Kano, musu aka fara yi. Wasu suka ce ciwon Turawa ne. Wasu suka ce na mutanen Kudu ne, a Sabon Gari zai tsaya, ba zai ƙetare ganuwa ba. Wasu suka ce ƙarya ce aka ƙaga don a hana mu haihuwa. In mutum ya rame ya mutu, sai a ce sammu ne, ko maita, ko daɗaɗɗen shawara. Bayan arba'in a aurar da matarsa in ta gama takaba, cutar ta shiga wani gida. Da aka ga mutuwa ta yi yawa, sai musu ya koma tsoro. Aka yi wa cutar laƙabi, wai kabari kusa. Aka ware wa majinyaci kwanonsa da butarsa, wani ma aka kore shi daga gidan haya.

A lokacin nan lissafi yana hawa. Gwamnati takan gwada jinin mata masu zuwa awon ciki a wasu asibitoci na ƙasa don a san inda aka kwana. A 1991 an sami kashi 1.8 cikin ɗari. A 2001 ya kai kashi 5.8, watau wajen mace shida cikin kowace ɗari.

Wani abin da ya girgiza masu musu ya faru a watan Agusta na 1997. Shahararren makaɗin nan Fela ya rasu a Legas. Wansa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara ne, ya kuma riƙe Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya tara 'yan jarida ya faɗa musu a fili cewa ƙanjamau ce ta kashe ƙanensa. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne mutum ya faɗi haka a kan ɗan'uwansa, amma ya yi don a daina cewa babu cutar.

Sai dai mutanen Kano suna da dalilin zargin abin da ya fito daga hannun likita, dalilin kuwa a Fagge ya faru. A 1996 aka yi annobar sanƙarau mai tsanani. A Asibitin Zana da ke Titin Faransa, kusa da kasuwar, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfani ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a, sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 jita-jita ta tashi wai maganin rigakafin shan inna yana ɗauke da ƙanjamau da abin hana haihuwa. Kano ta dakatar da rigakafin har watan Yuli na 2004. Aka gwada, ba a sami ƙanjamau a ciki ba, amma kafin nan shan inna ya gurgunta yara da yawa, ya kuma ƙetara wasu ƙasashe. Darasin da ma'aikatan lafiya suka koya shi ne, in jama'a ba su amince da kai ba, maganinka ba shi da amfani ko da na gaske ne.

Kora ko Jawowa

Dabarar da aka saba da ita tun da can ita ce kora. A garuruwan Hausa an sha yin haka lokacin fari ko annoba: a ce mata masu zaman kansu su yi aure ko su bar gari. A 2000 aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano, a 2003 aka kafa Hukumar Hisba da doka, aka rufe wurare da yawa. Hukuma tana da aikinta, malamai da limaman coci suna da nasu na wa'azi, ba kuma mai musun cewa kame kai shi ne babban rigakafi. Amma ga abin da ma'aikacin lafiya yake gani: in an watsa taro, ƙwayar cuta ba ta mutuwa, bin mai ita take yi duk inda ya nufa. Wata ta koma garin kan hanya inda manyan motoci ke kwana. Wata ta kama ɗaki cikin unguwa. Wata ta koma ƙauyensu ta yi aure ba gwaji. Wadda jiya aka san inda take, ana iya kai mata magani, yau ta ɓace wa kowa.

A 2007 gwamnati ta yi bincike a wasu jihohi a kan mutanen da suka fi shiga haɗari. Cikin matan da ke zaune a irin gidajen nan, an sami kashi 37.4 cikin ɗari da ƙwayar. A Kano kuwa kusan rabinsu ne. Ku tuna, kowace ɗaya tana da masu zuwa wurinta, yawancinsu kuma suna da mata a gida.

To, sai aka ƙarfafa wata dabara, wadda ake kira rage illa. Ma'anarta mai sauƙi ce. Ana yi wa yaro faɗa kada ya je bakin rijiya, amma duk da haka ana ɗaure bakin rijiyar, gama an san wata rana wani zai je. Ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin sa kai suka riƙa shiga otal-otal da tashoshin mota da kansu, ba da sanda ba. Suka nemi yardar masu gidajen. Suka koya wa wasu daga cikin matan, su kuma su koya wa 'yan'uwansu, domin an fi jin maganar wanda aka sani. Aka raba kororon roba, aka nuna yadda ake amfani da shi. Aka yi maganin ciwon sanyi da tunjere, gama gyambon da suke yi ƙofa ce ga HIV. Aka yi gwaji a asirce. Haka kuma aka bi direbobi da 'yan kamasho da 'yan dako.

Da aka sake binciken a 2010, kashi 37.4 ɗin nan ya sauko 27.4. A 2014 ya koma 19.4. Ba dabara ɗaya ce ta kawo wannan ragi ba, wasu mutuwa ce ta ɗauke su, wasu sun bar wurin. Amma a shekarun da aka je wurin mutane da magani da bayani ne lissafin ya juya ƙasa.

Labarin Allura

Yanzu mu koma ƙofa ta biyu. Dabarar rage illa a wajen masu allura aka fara ta, a Turai, labarin kuwa ya isa a ji.

A birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan, a farkon shekarun 1980, samari da yawa suna yi wa kansu allurar ƙwaya mai sa maye. 'Yan sanda suka riƙa ƙwace sirinji, masu sayar da magani suka daina sayar musu. Nufin hukuma mai kyau ne, a hana shaye-shaye. Amma samarin ba su daina ba, sai suka koma karɓa-karɓa da sirinji ɗaya. A 1985 wani likita ya gwada jinin waɗanda yake dubawa, ya tarar wajen rabinsu sun kamu.

A birnin Amstadam na ƙasar Holan kuwa, tun 1984 aka fara musaya: kawo tsohon sirinji, karɓi sabo. A 1986 birnin Libaful na Ingila ya bi sahu, a wani ɗan ɗaki da a da ban-ɗaki ne aka gyara. Mai zuwa karɓar sirinji yakan tarar da nas, a duba masa gyambo, a yi masa gwaji, a yi masa tayin hanyar dainawa. Libaful ba ta ga irin abin da Edinbara ta gani ba. A 1987 gwamnatin Birtaniya ta karɓi dabarar. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe da yawa, ta ce musayar sirinji tana rage yaɗuwar HIV, ba a kuma sami shaidar tana ƙara yawan masu shaye-shaye ba.

Wani zai ce wannan matsalar Turawa ce. A'a. A binciken nan na 2007, cikin masu yi wa kansu allura a Kano an sami wajen mutum ɗaya cikin goma da ƙwayar. A nan kuma kasuwarmu ta sake shigowa cikin labari. Shekaru da yawa, babbar kasuwar sarin magani ta Arewa tana cikin Kasuwar Sabon Gari da Titin Neja da Filin Malam Kato. Akwai 'yan kasuwa na kirki da yawa a ciki, amma da yake kasuwa ce a buɗe, maganin da bai kamata a sayar ba sai da takardar likita yana fita katan-katan: maganin tari mai kodin, da taramol, da allurar kashe zafi da ake kira fenta. Ita fenta, wani a gadon asibiti ya fara saninta, musamman masu ciwon sikila, daga nan jiki ya saba, ya koma yi wa kansa.

A ƙarshen Afrilu na 2018 gidan rediyo da talabijin na BBC ya nuna yadda kodin yake lalata samari da 'yan mata, har da na Kano. Nan da nan Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Wani babban bincike na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda, fiye da miliyan ɗaya a Jihar Kano, kuma wajen mutum 80,000 a ƙasa da allura suke yi. A 2020 gwamnati ta gwada ba da sabon sirinji a jihohin Abiya da Gwambe da Oyo, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu jihohi. A Fabrairun 2024 Babbar Kotun Tarayya ta ce masu sarin magani su koma sabuwar kasuwar da aka gina a Dangwauro, kan titin Zariya, inda za a iya sa ido. Hukumar NAFDAC da majalisar masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna 1,321.

Tsare kasuwar magani aiki ne mai kyau, ya kamata a yi shi. Amma ku tuna da Edinbara. Yaron da jikinsa ya riga ya saba, rufe shago ba ya warkar da shi. In ba a jawo shi asibiti ba, wata hanya zai nema, mai yiwuwa wadda ta fi ta da muni. Ɗaure shi da mari ko korarsa daga gida ba ya cire ƙwaya daga jini.

Zuwan Magani

Babban abin da ya sauya labarin shi ne magani. A 1996 likitoci suka gano in an haɗa magani iri uku, ƙwayar takan kwanta. Amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, sai da kamfanonin Indiya suka yi mai araha. A 2002 Gwamnatin Tarayya ta fara ba manya 10,000 magani a asibitoci 25, kowa yana biyan naira 1,000 a wata. A 2004 taimakon Amurka da ake kira PEPFAR ya fara aiki a Nijeriya. Daga 2006 aka mai da maganin kyauta a asibitocin gwamnati. A Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da shi kansa Asibitin Zana suna cikin wuraren da ake karɓa, da wasu asibitoci a ƙananan hukumomi. Mutanen da aka kawo ranga-ranga suka tashi suka koma kasuwa. Da mutane suka ga haka, sai tsoron gwaji ya ragu, gama da can mutum yakan ce, me zan yi da sanin abin da ba shi da magani?

Yau yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana. Ba ta kashe cutar ƙurmus, amma in ana sha kullum ba fashi, takan danne ta har na'ura ta kasa ganinta a jini. An tabbatar wanda ya kai wannan matsayi ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta wurin kwanciya. Mace mai ciki da ba ta shan magani, cikin jarirai ɗari, 15 zuwa 45 sukan kamu. In tana sha, ba su kai biyar ba.

An kuma gyara wajen aure. A 2012 da Hisba ta fara aurar da zawarawa, sai da aka gwada ango da amarya. A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure a Jihar Kano: HIV, da ciwon hanta, da sikila. Akwai kuma dokar ƙasa ta 2014 da ta hana a kori mutum daga aiki ko makaranta don yana da ƙwayar.

A 2018 aka bi gida-gida a dukan Nijeriya ana gwaji. Aka sami kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 0.6. Lissafin da na faɗa muku da fari na mata masu awon ciki ne, wannan na kowa da kowa ne, saboda haka ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Duk da haka an ga sauƙi. Amma an ƙiyasta mutum miliyan 1.9 suna ɗauke da ita a lokacin. A Janairun 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da take ba ƙasashen waje, wasu ayyukan bin mutane unguwa-unguwa suka tsaya, Gwamnatin Tarayya ta ware kuɗi don sayen magani. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba, sauran aikin namu ne.

Abin da ya Rage Gare Ku

Ga abin da tarihin nan ya koya mana. A shekarun da aka yi musu, cuta ta yaɗu. A inda aka yi kora, ta ɓuya ta bi mutane gida. A inda aka jawo mutane da mutunci, aka ba su gaskiya da kayan tsare kai da magani, ta ja da baya. Saboda haka:

1. Ɗan ci-rani, ka kame kanka. In shaiɗan ya rinjaye ka, kada ka haɗa laifi biyu: ka sa kororon roba, kada ka kai wa matarka da jaririnta abin da ba su ji ba ba su gani ba. In ka komo gida, ka zo a gwada ka, a sake bayan wata uku, domin sabon kamu ba ya nunawa nan da nan.

2. Kada ka yarda a yi maka allura sai ka ga an yage ledar sabon sirinji a gabanka. Kada ka matsa wa malamin asibiti sai ya yi maka allura, ƙwaya takan yi aikin da allura take yi.

3. Wanzami, da ungozoma, da mai yankan farce, kowane mutum da sabuwar rezarsa. Aska da almakashi da kayan kaciya a wanke, a tafasa. Wannan yana tsare ku daga ciwon hanta ma, wanda ya fi HIV saurin kamawa ta wurin jini.

4. Kada a ƙara wa kowa jinin da ba a gwada ba.

5. Kowace mai ciki ta zo awo, ta yarda a gwada ta. Maigida, ka ba ta izini, ka kuma rako ta.

6. Kafin a ɗaura aure, na budurwa ne ko na bazawara, a yi gwaji. In mutum zai ƙara aure, a gwada dukan gidan.

7. Wadda aka yi wa fyaɗe, ko wanda allurar wani ta soke shi, a kai shi babban asibiti kafin kwana uku su cika. Akwai maganin kwana 28 da ke hana ƙwayar kamawa.

8. In ɗanka ya faɗa shaye-shaye, kada ka kore shi. Kawo shi mu nuna muku inda za a taimake shi.

9. Mai shan magani, kada ka daina don ka ji ƙarfi, kada kuma wani mai ganye ko mai addu'a ya sa ka ajiye shi. Yi addu'arka, sha maganinka.

Sauro ba ya ɗaukar cutar nan. Ba a kamuwa ta wurin musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko buta, ko tabarma, ko tsayawa a sahu ɗaya. In maƙwabcinka yana da ita, ka ci abinci da shi, ka rufa masa asiri, ka tuna masa lokacin shan magani. Abin da ka faɗa wa ma'aikacin lafiya kuwa amana ce, ba ya fita daga ɗakin.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Mai tambaya ya sami malamin asibiti na garinsu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.